Abin da Ilyas Ya Zazzago Daga Fankar Motata

Zongo, Lome

Zuwa ga ɗana Abdurrashid, a Turai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka Afra'u da yara, Sadiƙ da Khaulat. Allah Ya raya su, Ya shirye su, Ya sa su yi maka biyayyar da ta fi wadda nake gani. Idan kana son jin lafiyata, ko da yake ba ka saba tambaya ba, to ina nan da rai. Ƙafafu suna kumbura da yamma, hannun dama yana rawa, shi ya sa za ka ga rubutun yana hawa yana sauka. Amma hankalina yana nan daram, kada wani ya gaya maka ya gushe. Damina ta sauka da ƙarfi bana, ruwa ya kwanta a layinmu har bakin masallaci, ɗakin mahaifiyarka kuma yana yoyo ta kusurwar gabas, na sa roba a wurin. Ƙanwarka Assana tana lafiya a Nyekonakpoe. Takan leƙo ni ranar Lahadi da kwanon abinci, a tsaye take gaishe ni, mai zemijan, wato ɗan acaɓa, yana jiranta a waje da inji a kunne.

Na zaɓi in rubuta maka takarda ne don na gaji da jin muryarka ta cikin wayar wani. Saƙon da ka aiko wa Assana na ji shi daga farko har ƙarshe, domin a gabana ta kunna. Ka yi shi da Faransanci, ina tsammanin don kada in gane. Ka manta cewa da bulala aka koya mini harshen nan tun kafin a san za a haife ka, kuma da shi na yi shekaru ina fitar da kayan mutane daga tashar jirgin ruwa. Na ji kana cewa tsohon bai kamata ya ƙara riƙe sitiyari ba, motar ta mutu, a ba Salifou ɗan ƙanena ya kai ta wurin masu sayen ƙarfe, a sa 'yan haya a gidan, ni kuma a kwashe ni a kai ni ɗakin bayan gidan mijin Assana. Ko sau ɗaya ba ka ce a tambaye ni ba. An taɓa tashinmu daga tsohon Zongo na cikin gari aka kawo mu nan, lokacin ko bishiya babu, da hannuna na dasa darbejiyar da motar nan take kwana a ƙarƙashinta. Wancan tashin gwamnati ce ta yi, na haƙura. Wannan kuwa ɗan da na haifa ne yake shiryawa daga nesa, kuma ban haƙura ba.

Bari in gaya maka abin da ya sami motar, tunda labarin da aka ba ka rabi ne. Ba injinta ne ya lalace ba. Fankar da ke hura iska cikin mota ce ta tsaya. Ta daɗe tana yi mini ƙara ta ƙarƙashin akwatin nan na gaban kujerar fasinja, inda nake ajiye takardun mota, ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Na ɗauka 'ya'yan darbejiya ne suka faɗa ciki, na share zancen. Daga baya sai ya zama idan na murɗa maɓallin a hankali ko tsaka-tsaki ba ta motsi, sai na kai shi ƙarshe sannan ta tashi da gurnani. Ran nan ina dawowa daga maƙabarta wajen mahaifiyarka, ruwa ya tsuge, na ji warin roba tana ƙonewa, fankar ta yi tsit. Gilashin gaba ya yi gumi ta ciki, ban ga komai ba. Na gangara gefen hanya na tsaya, na cire hulata ina gogewa har ruwan ya ɗauke. Wani maƙwabcin Assana ne ya gan ni a haka, ya kai mata, ita ta kai maka, kai kuma ka yanke hukunci. Ban buge kowa ba, ban faɗa rami ba. Mutumin da ya ga ba ya ganin hanya ya tsaya, ai hankali ya yi.

Da Salifou ya zo karɓar makulli, yana kirana tonto, wato baffa da Faransanci, kamar ba jinin Hausawa ne a jikinsa ba, sai ya buɗe murfin inji ya leƙa kamar ya san abin da yake dubawa. Ya ce gas ɗin klim, na'urar sanyaya mota, ne ya ƙare, wai abin da ke matsa gas ɗin ma ya mutu, gyaran ya fi ƙarfin motar. Na ce masa makullin yana aljihuna, idan yana so ya sa hannu ya ɗauka. Bai sa ba. Na ce to ya shiga ya zauna, ni zan tuƙa, za mu je Adakpame wurin Ilyas, idan Ilyas ya ce motar ta mutu, da hannuna zan miƙa masa makulli. Ka san Ilyas, mai gyaran wayoyin mota, wanda yake rumfa ɗaya tun kana ɗan makaranta. Shi ma ya tsufa, furfura ta cika masa gemu, sai ya sa tabarau biyu yake ganin waya. Muka tafi gilasai a sauke, Salifou ya riƙe ƙofa da hannu biyu duk hanya kamar wanda aka ɗora a kan raƙumi.

Ilyas ya sa aka kawo mini benci cikin inuwa, ya saurari bayanina bai katse ni ba, abin da na daɗe ban samu ba a wurin nawa. Ya tayar da mota, ya kunna klim, ya kama wani bututu a cikin inji ya ce in taɓa. Na taɓa na ji sanyi har yana raɓa. Ya ce sanyi yana nan, abin da zai turo shi ne ya kwanta, saboda haka maganar gas a ajiye ta. Salifou ya juya yana duba wayarsa. Daga nan Ilyas ya buɗe ɗan akwatin fis da ke ƙarƙashin sitiyari, ya zaro na fanka ya ɗaga shi ga rana, zaren cikinsa ya tsinke. Ya sa sabo, ya murɗa maɓalli, nan take shi ma ya ƙone. Salifou ya ce a naɗe shi da waya mai kauri kawai a wuce wurin, haka ake yi a gari. Ilyas ya dube shi ta saman tabarau ya ce fis ɗin da ya ƙone sau biyu magana yake yi, wanda ya toshe masa baki da waya kuwa ya tanadi bokitin ruwa, domin motar ce za ta ƙone a madadinsa.

Sai ya kwanta rigingine a ƙasan kujerar fasinja, ƙafafunsa a waje, ya zare wayar da ke shiga fankar, ya sake sa wani fis. Wannan karon bai ƙone ba. Ya ɗauko wani ƙwan fitila mai wayoyi biyu ya taɓa bakin wayar, ƙwan ya kama. Ya ce to wuta tana zuwa har ƙofar gida, maɓalli lafiyarsa lau, mai gidan ne ya ƙi buɗewa. Kusa da wurin ya kwance wani ɗan ƙarfe mai naɗaɗɗun wayoyi, wanda suke kira rezistans, ya nuna mini ya yi baƙi ƙirin. Ya ce shi ne yake rage wa fanka wuta idan ana son iska kaɗan, kuma iskar fankar ce take sanyaya shi. Da fankar ta yi nauyi tana jan wuta fiye da ƙima, iska kuma ta ragu, sai ya gasu. Shi ya sa matakin ƙarshe na maɓallin kaɗai ya rage yana aiki, don shi ba ya bi ta cikinsa. Ya ce amma wannan ba shi ne ciwon ba, shi ma cutarsa aka yi. Akwai abin da ya riƙe fankar.

Ya kwashe takarduna ya ba ni, ya cire akwatin gaban gaba ɗaya, ya kwance kusoshin da ke riƙe da fankar, ya sauko da ita. Wani abu ne kamar ƙaramin kwando na roba mai haƙora, da ɗan inji a gindinsa. Ya sa yatsa ya tura, ko motsi. Ya shimfiɗa tsumma a kan benci kusa da ni, ya kifa ta ya girgiza. Abdurrashid, ina so ka karanta wannan wurin a hankali. Ba 'ya'yan darbejiya ne suka zubo ba. Ƙwayoyin carbi ne, baƙaƙe, masu ɗigon azurfa. Wasu lafiyayyu, wasu haƙoran fanka sun ci gefensu, wasu sun zama gari. Koren zare ya naɗe sandar injin tam. Limamin carbin, dogon nan na kai, shi ne ya gitta tsakanin kwandon da bangonsa ya cije, sai da Ilyas ya sa filaya ya fizgo shi. Ya ɗora mini a tafin hannu ya ce, "Alhaji, wannan ba na Hajiya ba ne?" Ya gane shi, domin ya sha ganinsa a hannunta lokacin da take zama a mota tana jiran a gama mana gyara.

Na Hajiya ne. Carbin da mahaifiyarka Sakinatu ta zo da shi daga Makka, wanda ba ta rabuwa da shi ko a asibiti. Bayan an binne ta ni na rataye shi a madubin mota, don idan na fita in ji ba ni kaɗai ba ne. Ka tuna ka zo sadakar arba'in, ka karɓi motar kana zaga gari da abokanka, har bakin teku aka ce an gan ku. Ranar da za ka koma na duba madubi ban ga carbi ba, na tambaye ka. Ka dafa kafaɗata, a bakin ƙofar gidan nan, ka ce, "Baba, ni na ɗauka, ina son in riƙe wani abu na Inna a can." Wallahi ranar na shiga ɗaki na yi kuka, ba na baƙin ciki ba. Na ce ashe yaron nan yana da zuciya, ashe matar da ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce mutumin Turai, ba ta yi wahalar banza ba. Na ba mutanen sahun gaba labari a masallaci, liman ya sa maka albarka da sunanka. Duk lokacin da muka yi waya na tambaye ka carbin, sai ka ce yana nan, da shi kake lazimi bayan asuba.

Na juya na dubi Salifou, don na tuna yana cikin masu bin ka yawo a lokacin. Na ƙura masa ido. Ya fara da Faransanci, ya koma Hausa, ya ce shi ba ruwansa. Ya ce carbin yana lilo yana bugun gilashi ne, ya dame ka kana waya, ka fizge shi don ka ajiye, zaren ya tsinke. Ka tattara abin da ya zuba a kan kujera ka cusa can ƙuryar akwatin gaba, bayan takardu, wanda ya faɗi ƙasa kuma ka share da ƙafa waje a bakin wani gidan mai. Ka ce masa kada ya faɗa, za ka sayo irinsa ka aiko. Ilyas ya nuna mini bayan akwatin a buɗe yake, kuma bakin da fanka take shaƙar iska yana ƙarƙashinsa daidai. Duk ramin da na faɗa a titunan Lome, ƙwaya ɗaya ko biyu suna gangarawa. Ashe ƙarar da na yi ta ji ina cewa darbejiya ce, carbin matata ne ake niƙawa a gabana, ni kuma ina tuƙi ina yi maka addu'a.

Tsinkewar zare ba komai ba ce, zare yakan tsinke a hannun kowa, ita kanta ta sha sake masa zare. Da ka kawo mini ƙwayoyin a cikin hularka ka ce Baba ga abin da ya faru, da mun zauna a tabarma mun shirya su kafin jirginka ya tashi. Abin da ba zan iya haɗiyewa ba shi ne ka dube ni ka mayar da ɓarnarka abin yabo, ka bar ni ina yawo da ita a bakina cikin dattawa. Kuma yau kai ne kake cewa motar ta mutu, tsohon ya rikice, a sayar. Da na ba Salifou makullin nan, da yanzu an sare ta da wuta an loda a kwantena, carbin yana ciki, ni kuma ina ɗakin bayan gidan suruki ina gaya wa jikoki cewa kawunsu na Turai yana lazimi da carbin kakarsu. Ban ce ka san abin da ke cikin fankar ba, Allah ne Ya san wannan. Amma ka san abin da ka cusa a akwatin, kuma ka san wa ka aiko ya ɗauke motar.

Sauran aikin ban gan shi sosai ba, idona ya cika, amma Ilyas yana yi yana faɗa mini don kada in yi shiru da yawa. Ya warware zaren daga sandar da allura. Ya haɗa injin fankar da batir kai tsaye, ya juya da ƙyar yana tartsatsi. Ya buɗe shi ya ce 'yan gawayin nan biyu da ke ba shi wuta sun cinye saboda wahala, ya samo wasu ya goge su da fayil har suka shiga daidai, ya ɗiga mai a inda sandar take juyawa. Kwandon ya rasa haƙora, ya ce idan aka mayar da shi haka zai riƙa girgiza, sai ya tafi da kansa wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci ya samo wani, tare da rezistans. Kafin ya mayar, ya zura hannu cikin ramin har gwiwar hannu ya lalubo sauran ƙwayoyin da suka maƙale, ya kuma toshe bayan akwatin da kwali. Da ya murɗa maɓalli, iska ta fito a hankali, ya ƙara ta ƙaru, har ƙarshe, babu gurnani babu tsakuwa. Na ce Salifou ya nemi zemijan ya koma, ba zai shiga motata ba. Ni kaɗai na dawo gida, gilasai a rufe, ƙwayoyin suna ƙulle a cikin tsumma a kan kujerar da mahaifiyarka take zama.

Yanzu ga maganata, kuma ba shawara nake nema ba. Motar nan ba ta sayarwa ba ce. Gidan nan ba na haya ba ne muddin ina numfashi. Da ita nake zuwa Juma'a, da ita nake zuwa asibiti awon jini, da ita nake zuwa wurin mahaifiyarka, kuma babu wanda zai kai ni waɗannan wurare idan ba ita ba, kai ma ka sani. Na san jikina, ba na fita idan rana ta faɗi, ba na shiga cunkoson kasuwar Assigame. Ranar da idona ya gaza, ni zan fara sani, kuma a hannun Ilyas zan ajiye makulli, ba a hannun wanda ka aiko ba. Kada ka ƙara tura wa Assana saƙo a kaina kamar kayan da aka rasa inda za a ajiye. Ban gaya mata abin da aka samu a fankar ba. Ban gaya wa liman ba, ban gaya wa mutanen sahun gaba ba. Jiya ma ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni labarin ɗana mai carbi, na ce yana lafiya. Ka ga yanzu ka sa ni ma na shiga cikin abin da ka ƙulla, da tsufana.

Na wanke ƙwayoyin da suka tsira, na sayo sabon zare, ina shirya su kaɗan-kaɗan da safe idan hannun bai cika rawa ba. Carbin ya gajarta, ba zai koma yadda yake ba, kuma ba na son irinsa da ka ce za ka sayo. Idan ka taɓa ambulan ɗin nan za ka ji wani abu mai tauri a kusurwa. Limamin ne, da tabon filaya a jikinsa. Na ba Ayouba mai zuwa sayen motoci can wurinku ya kawo maka hannu da hannu. Na aiko maka shi ne don idan ka sake cewa carbin Inna yana wurinka, a samu ɗan abin da yake gaskiya a cikin maganar. Ka san carbi ba ya ɗauruwa sai da limaminsa. Na bar bakin zaren a buɗe. Kada ka ba wani ya dawo da shi, kada ka sa a akwatin gidan waya. Ka kawo shi da hannunka, ka faɗa mini da bakinka abin da Salifou ya faɗa mini, da Hausa. Idan ka sa rana, ni zan zo filin jirgi in ɗauke ka, a cikin motar da ka ce ta mutu. Idan kuma ka ga ba za ka iya ba, to ka riƙe shi, zan bar wasiyya a sa sauran a hannun Khaulat yadda suke, a buɗe, ta tambaye ka dalili.

Ka gaishe da Afra'u, ita ba ta yi mini komai ba. Ka shafa kan Sadiƙ da Khaulat, ka ce kakansu na Zongo yana yi musu addu'a da yatsunsa, tunda abin da ya rage masa ke nan. Ilyas ya ce a gaishe ka, na ce zan rubuta, ga shi na rubuta. Allah Ya jiƙan Sakinatu, Ya haskaka kabarinta, Ya shirye ka tun ina da ran da zan gani.

Wassalam.

Mahaifinka,
Alhaji Nata'ala